Fari na Allah ne, ɓoyon yunwa na mutum ne



Rashin ruwa ba laifin kowa ba ne. Babu sarki, babu gwamna, babu shugaban ƙasa da ke iya kiran hadari ko korar fara da baki. Amma tsakanin ranar da hatsi ya ƙone a gona da ranar da yaro ya kwanta da tamowa akwai wata bakwai ko takwas. Waɗannan watanni a hannun magabata suke, kuma a kansu za mu yi magana yau.

Kowane malamin gona ya san yadda damana za ta ƙare tun cikin Satumba. In hatsi ya yi bununi ruwa ya ɗauke, magana ta ƙare. Cikin Oktoba a ƙirga damma, a duba rumbuna, a rubuta garuruwan da ba su samu abin da zai kai su bazara ba. Labarin ya tashi daga mai gari zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga perefe, wanda tsofaffi ke kira kwamanda har yau, daga nan zuwa ga gwamna, sannan Yamai. Tsani ne mai hawa da yawa, kuma a kowane hawa gaskiya tana iya ramewa. Wani yana jin kunya a ce ƙasarsa babu abinci, wani yana tsoron ɓata wa na sama rai. Kafin takarda ta kai inda ake yanke magana, yunwa ta koma "ɗan ƙarancin cimaka".

Ƙasarmu ta sha ganin abin da wannan ke haifarwa. A 1931 fara ta cinye gonaki a yammacin Nijar, Nasara bai daina karɓar haraji ba, mutane suka mutu da yawa a ƙasar Zabarmawa. Sai bayan an yi ɓarnar aka matsa wa garuruwa su kafa rumbun tsimi. A farin 1973 dabbobi suka faɗi, mutanen arewa suka kwararo cikin birane, ga taimakon ƙasashen waje yana shigowa, ga zargi ko'ina cewa wasu manya suna karkatar da shi. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma maganar yunwa tana cikin manyan dalilan da suka bayar.

Shekara goma bayan haka fari ya dawo. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna kiran yunwar 1984 El Buhari, domin a shekarar Najeriya ta rufe iyaka, hanyar cin rani da ta hatsi suka toshe tare. Seyni Kountché mutum ne mai tsanani, wannan kowa ya sani. Amma bai ɓoye ba. Ya faɗa wa duniya, ya tafi har Amurka cikin Disamba 1984 neman cimaka, ya sa aka duƙufa ga noman rani a fadamu da bakin tafkuna. An wahala ƙwarai, garke da yawa sun ƙare, amma gwamnati ba ta yi gardama da mai jin yunwa a kan ko yana jin ta ba.

Shekarar 2005 ita ce ta fi ci mini rai, don a lokacin ba a rasa sani ba. Akwai ma'aikatar gargaɗi tun da wuri da aka kafa a 1989, akwai OPVN da mangazunanta. Tun kakar 2004 an san ruwa ya yanke da wuri, fara ta sauka, an rasa fiye da tan dubu 200 na cimaka. Gwamnati ta nemi taimako, masu bayarwa suka yi nawa, wannan laifinsu ne. Amma a gida aka tsaya a kan sayarwa da rahusa, buhu jika 10, alhali talaka ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe. A kasuwa buhun hatsi ya kusanci jika 30. Ba a fara rabon kyauta sosai ba sai tsakiyar damana. Cikin Agusta shugaba Tandja Mamadou ya ce wa ƴan jarida babu yunwa a Nijar, ga likitocin MSF sun cika rumfuna da yara a Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasa. A 2010 kuwa Salou Djibo ya fito fili ya ce yunwa na barazana ga miliyoyin mutane, haka gwamnatin Mahamadou Issoufou ta yi kira tun kakar 2011, taimako ya zo da wuri fiye da na 2005. Ɗaya soja, ɗaya farar hula. Ashe ba maganar tufafi ba ce.

Kada dai mu ɗora kaya duka a kan Yamai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma magabacin da ya fi kusa da talaka shi ya fi nauyi a wuya. Akwai mai garin da ke rage lissafi don a yaba masa. Akwai wanda ke ƙarawa, ya rubuta gidajen da babu su, ya sa surukansa a gaba, gwauruwa mai marayu tana ƙarshen takarda. Duka biyun cuta ne. Mai ƙarawa yana cin rabon garin da ke maƙwabtaka da shi, kuma ranar da aka gane, ko gaskiya ya faɗa baɗi ba mai yarda. Mu ma manoma muna da namu: mutum ya ɓoye damma goma a gona ranar ƙirga, yana ganin wayo ya yi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Buhu ɗari da aka tanadar wa gida ɗari, in an raba wa gida ɗari huɗu, kowa ya samu tiya kaɗan, ba wanda ya tsira.

Sai maganar lokaci, wadda masu zaman ofis suke mantawa. Cimakar da za ta ceci ƙauye dole ta isa mangaza kafin ruwan farko. Da zarar Gulbin Maraɗi ko Maggiya sun kawo, babbar mota ba ta shiga wasu garuruwa sai kaka. Iri ma haka: wanda ya iso bayan an gama shuka, tuwo za a yi da shi. Dussa da ƙwayar auduga ta dabbobi, cikin Maris da Afrilu ake bukatarsu, tun saniya tana iya tashi da kanta. Perefen da ya sa hannu a takarda cikin Yuli ya yi aikinsa a takarda kawai.

Ambaliya ma ba ta sauya wannan ba. A damanar 2024 ruwa ya kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa lakkol zuwa ƙarshen Oktoba, azuzuwa da yawa kuwa suna cike da waɗanda gidajensu suka faɗi. Ruwan ba na kowa ba ne. Amma filin da aka yanka wa mutane a kan hanyar ruwa, wani ne ya sa masa hannu, magudanar da ta toshe da shara tun rani, akwai wanda aka ɗora wa kula da ita.

Abin da nake roƙo a wannan kaka ba ya cin ko dala. Kafin mai gari ya aika da takardar gidajen da ba su samu ba, a tara jama'a gindin itace, a karanta sunaye da ƙarfi, mata suna nan, makiyayan da ke zaune a gefen gari suna nan. Wanda aka manta ya yi magana, wanda aka sa ba bisa haƙƙi ba a cire shi a gaban kowa. Ranar da kaya suka iso, a faɗi yawan buhunan kafin a sauke su daga mota, a kuma rubuta. Kwafi ɗaya ya tafi wurin sarki, ɗaya ya zauna a hannun kwamitin bankin cimaka na garin.