Cokali Mai Yatsu: Rashin Sani Ya Sa Kaza Ta Kwana Kan Dami

A wannan wata teburin cin abinci za mu leƙa, saboda wani abu da ya faru a kan idonmu.

Kwanan baya an gayyace mu walimar ƙare wani kwas na malaman makaranta a wani otal a Tamale. Kusa da mu akwai wani saurayi, sabon malami, ɗan nan Bimbilla. Da aka kawo abinci sai ya ga cokula masu yatsu har uku a hagun farantinsa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, gumi ya karyo masa. Ƙarshenta ya ce wai cikinsa ne ba daɗi, ya sha ruwa kawai. Da aka watse muka iske shi bakin tasha yana cin shinkafa da wake da hannu, hankalinsa kwance. Muka ce masa, "Haba Malam, ai matambayi ba ya ɓata!"

Abin da dariya, amma da ban takaici. 'Ya'yanmu na Bimbilla da Salaga da Yendi da Bawku suna fita karatu da neman aiki, kuma sau da yawa a bakin irin wannan tebur ake auna mutum. To, bari mu warware zancen.

Na farko shi ne babban cokali mai yatsu huɗu, wanda ya fi sauran tsawo. Da shi ake cin ainihin abincin, wato shinkafa ko taliya ko soyayyar doya da nama. Na biyu shi ne na ganye, wato salak. Bai kai babban tsawo ba, kuma sau da yawa yatsansa na gefen hagu ya fi sauran fāɗi don a datse latas ko tumatir. Na uku na kifi ne, mai ɗan fāɗi. Da shi da wuƙarsa marar kaifi ake raba tsoka da ƙaya, kamar dai in an kawo maka kifin tafkin Volta irin na Makango. Na huɗu ɗan ƙarami ne, galibi mai yatsu uku, na cin kek da 'ya'yan itace. Shi akan ajiye shi a kwance gaban faranti, ko a kawo shi daga baya. Akwai kuma dogo mai yatsu biyu. Wannan ba a kai shi baki. Aikinsa danne gasasshen zabo ko cinyar rago a lokacin da ake yankawa.

Wanda ya kasa riƙe duk wannan, ga dabara guda: ka fara da cokalin da ya fi nisa da faranti, in an canja abinci ka matso ciki, domin a bisa jerin yadda za a kawo abincin ake jera su. In ka ƙoshi, ka haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya a cikin faranti, mai hidima zai gane ka gama.

Saura maganar da ta fi damun mutanenmu. Turawan Ingila da hagu suke riƙe cokali mai yatsu, wuƙa a dama, alhali mu tun muna yara aka hore mu kada mu kai loma baki da hagu, addini ma haka ya koyar. To, mafita tana nan. Mutanen Amurka sukan yanka naman, su ajiye wuƙar, su mai da cokalin hannun dama, sannan su ci. Ka yi haka ko gaban wane ne, ba mai cewa ka yi ƙauyanci.

Kada kuma wani ya ɗauka da wannan cokali aka haifi Bature. A ƙarni na 11, da wata gimbiyar Rum ta Gabas da aka aurar a birnin Benis na Italiya ta ci abinci da na zinariya, malaman coci sun zarge ta da girman kai. A Ingila kuwa, da matafiyin nan Thomas Coryat ya ba da labarinsa a littafinsa na 1611, bayan ya gano shi a Italiya, ba'a abokansa suka yi ta yi masa. Ashe su ma koya suka yi.

Saboda haka ba mu ce a raina hannu ba. Wa zai ci sakwarar sabuwar doyar Bimbilla da cokali mai yatsu? Wa zai yanki tuwon zafi da miyar ayoyo da wuƙa? Yatsu biyar da Allah ya ba mu, in an wanke su da sabulu, babu cokalin da ya fi su a nan. Amma kowane abinci da kayan cinsa, kowane zaure da ladabinsa.

Kiranmu ga iyaye da malamai shi ne, kafin yaro ya kama hanyar Tamale ko Kumasi ko Ankara, a zaunar da shi ko da yamma ɗaya ce, a ba shi wuƙa da cokali ya gwada a gida, inda in ya yi kuskure 'yan'uwansa ne kaɗai za su yi masa dariya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.