Idan Faifan Kwamfuta Ya Fara Kuka, Ba Gyara Ne Na Farko Ba

Duk wanda ya taɓa shiga Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, inda masu sayar da kwamfuta da masu gyaranta suka yi sansani a Abuja, ya san irin mutanen da kan zo da kwamfutar tafi-da-gidanka a hammata, fuska a murtuke. Wani ma'aikaci ne daga sakatariyar gwamnatin tarayya, wani ɗalibi ne daga Gwagwalada da ya kusa kammala kundin digirinsa, wata kuma 'yar kasuwa ce da lissafin bashinta na shekara uku ke ciki. Ba kwamfutar ce ta tayar musu da hankali ba, abin da ke cikinta ne. Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, kuɗi kan sayo wani. Amma aikin shekaru da ya tafi tare da shi ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Ya kamata mai kwamfuta ya san yadda abin yake. Faifai na farko irin wannan kamfanin IBM ne ya fitar a Amurka a 1956, yana da faranti 50, kowane faɗinsa inci 24, amma duka abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba. Na kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa inci 2.5 ne, farantinsa yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, watau sau 90 a kowace daƙiƙa. Wata 'yar allura ce ke shawagi a kansa tana rubutu tana karatu, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi ba. Saboda haka idan kwamfuta ta faɗi tana kunne, ko aka jefa ta cikin jaka ba a kashe ta ba aka bi hanya mai gargada, allurar kan karci farantin, daga nan ciwo ya kama.

Alamun ciwon ba ɓoyayyu ba ne. Kwamfuta takan yi nauyi wajen tashi, ta riƙa sandarewa ana cikin aiki. Takardar da ta buɗu jiya yau ta ƙi buɗuwa. Wani lokaci fuskarta ta rikiɗe shuɗiya, ko ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Mafi muni duka shi ne a ji wata 'yar ƙara ƙyas-ƙyas tana maimaituwa daga ciki, domin wannan allurar ce ta kasa samun hanyarta.

To, a nan ne akasarin mutane kan yi kuskure. Sai su yi ta kashewa suna kunnawa, ko su sa a goge komai a sake zuba Windows, alhali kuwa kowane juyi da faifai mai ciwo ya yi yana ƙara cin ragowar ransa. Abin da ya wajaba shi ne a fara kwashe kaya. A samo filash ko wani faifai na waje, a soma da abin da ba shi da madadi: takardun aiki, lissafi, hotunan iyali. Fina-finai da waƙoƙi su jira. Idan kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara na iya ciro faifan ya sa shi cikin ɗan akwatin USB ya karanta shi a wata kwamfutar. Idan kuwa ƙarar nan ta riga ta fara, a kashe kawai a nemi ƙwararre, kada wani ya buɗe cikin faifan a kan teburin shago, don ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi.

Bayan kaya sun tsira, sai bincike, domin ba kowane nauyi ne laifin faifai ba. Ƙarancin RAM, ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ko cutar kwamfuta, duk suna kawo irinsa. Kwamfutocin HP suna da gwajin kansu da ake shiga da F2 wajen tashi, na Dell kuma ta F12. Akwai kuma manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da lafiyarsa, ta nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan da gargaɗi, ja idan abu ya ɓaci. Sai dai kada shuɗin ya sa a saki jiki. Binciken da injiniyoyin Google suka buga a 2007, bayan sun bi diddigin faifai fiye da 100,000, ya nuna faifan da ya yi kuskuren karatu na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma ya kuma nuna kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba sam.

Sauya faifan ba aiki ne mai wuya ba. A kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jiki, sannan a kwance murfin ƙasa. A duba bakin faifan da kaurinsa, ko milimita 7 ko 9.5, tukuna a je kasuwa. Mafi alheri a maye gurbinsa da SSD, wanda ba shi da faranti ba shi da allura, ga sauri, ga jure jijjiga. Sababbin kwamfutoci ma siririn SSD mai suna M.2 suke amfani da shi. Idan na hannu za a saya, a sa a gwada shi a gaban ido, manhajar nan za ta faɗi awa nawa ya taɓa yi yana aiki. Wanda kuma aka kulle faifansa da BitLocker, lalle ya nemo lambobin nan 48 na buɗewa tun kafin a taɓa kusa ko ɗaya.

Sauran abu guda, kada a bar tsohon faifai a shago. Gogewar da aka saba yi ba ta share komai sarai, mai wayo na iya dawo da takardun banki da hotuna. Ga ofisoshin da ke riƙe da bayanan jama'a abin ya wuce shawara, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora musu alhakin tsare su. A karɓo shi a adana, ko a huda shi da ƙusa.

Daga ƙarshe, SSD ma yakan mutu, kuma shi ba ya ko kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da mutum ba zai iya jure rashinsa ba, ya ajiye shi wuri biyu tun yau, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet. Allah Ya tsare mai karatu daga asara.