Saƙar ƙwarashi a Gwarzo da Kabo: a daina sayar da wahalar mata a farashin zare

Da zarar hunturu ya kama, saƙa kan dawo hannun mata a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo: hular jariri, safa, rigar sanyi, shawul. Da zafi ya shigo kuma sai a cusa ƙwarashi a ƙasan akwati har wata shekara. Sana'ar da za ta iya riƙe gida wata goma sha biyu ta koma ta wata uku.

Mafita tana cikin ɗakin kowace amarya. Babu jeren da ake yi yau ba tare da kujeru da ƙananan filalluka ba, kuma biki bai san rani ko damina ba. Amma rigunan filon da ake ɗorawa kan kujerun, galibi daga Kantin Kwari ake ɗauko su, yadin waje ne, ɗinkin inji, iri ɗaya a kowane gida. Hannun da ya iya hular jariri ba zai gagari rigar filo ko shimfiɗar kujera ba, don murabba'i ya fi hula sauƙin saƙawa.

Akwai abin da masu saye ba su cika sani ba. Saƙar allura biyu inji yana yin ta, shi ya sa rigunan sanyi na kanti suke da araha. Ita kuwa saƙar ƙwarashi ta ainihi, har yau hannu ne yake yin ta, madauki bayan madauki. A Amurka da Ingila mata na saƙa filo da shimfiɗar kujerar lilo, su sayar a shafuka irin su Etsy, kuma abin da suke tallatawa shi ne aikin hannu ne. A nan kuwa mai saye kan tambayi kuɗin zare, ta ɗora ɗan abin da ba zai sayi sabulu ba, ta ce ai a gida aka yi. Kwanakin da mace ta kwashe tana duƙe, ga ciwon wuya da na ido, ba sa shiga lissafi. Wannan ƙwara ce, ko da kuwa 'yar uwa ce ta yi ta.

Su ma masu saƙar suna da gyara. Zaren ulun da ya cika kasuwa na roba ne, farashinsa na bin dala. Ya dace da jariri a watan Janairu, amma wa zai jingina da shi a zafin Afrilu? Filon kujera zaren auduga yake so: ba ya riƙe zafi, yana jure wanki. A kuma saƙa rigar da maɓalli ko zif, yadda za a cire ta a wanke ƙurar hunturu ba tare da an jiƙa soson ciki ba. Abin takaici, yankin da ake noman auduga, ga Funtuwa nan kusa, shi ne ke neman zaren auduga mai kyau da ƙyar tun bayan durƙushewar masaƙun Kano da Kaduna.

Gwamnati na da hanyar taimakawa ba tare da wani sabon shiri ba. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata, ta ba su gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Da an ƙara filo biyu saƙar hannu ga kowace amarya, aiki ne na filo 3,600, wanda za a iya raba wa ƙungiyoyin mata a ƙananan hukumomi 44, har da Gwarzo da Kabo. Sharaɗin kawai shi ne a ba su kuɗin zare tun farko, a biya su kai tsaye, kada ɗan kwangila ya tsaya a tsakani ya kwashe ribar.