Kamfanonin Jiragen Sama Da Kekunan Naƙasassu

A cikin watan Oktoba na 2020, ma'aikatan kamfanin jiragen sama na American Airlines suka hana wani fasinja mai suna John Morris shiga jirgi a filin jirgin saman Gainesville da ke jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, alhali tikitinsa yana hannunsa, kuma ya sha hawa irin wannan jirgi a baya ba tare da wata tangarɗa ba. Dalilin da aka ba shi shi ne wai kekensa na guragu mai aiki da batir ya yi nauyi. Wannan mutum ya rasa ƙafafunsa biyu da hannu guda sakamakon haɗarin mota a 2012, don haka in ba da keken ba, ko ƙofar gidansa ba ya iya kaiwa. Da ya bi ba'asi sai ya tarar ashe tun a tsakiyar shekarar kamfanin ya kafa wata ƙa'ida a asirce, wadda ta hana ɗaukar duk keken da ya wuce laba 300, wato kimanin kilo 136, a wasu daga cikin ƙananan jiragensa, da kuma laba 400 a wasunsu. Nasa keken kuwa ya haura kilo 200.

A cewar fasinjan, bayanin da aka yi masa shi ne kamfanin yana yawan lalata manyan kekuna wajen lodinsu a ƙananan jirage, shi ya sa ya ga gara ya daina ɗaukarsu. Idan haka ne, to, an yi maganin ciwon kai da sare kai. Garuruwa da dama a Amurka ƙananan jirage kaɗai ke sauka a cikinsu, saboda haka ƙa'idar ta zama tamkar an rufe wa duk mai babban keke a waɗannan garuruwa hanyar sama baki ɗaya. Sai da gidajen rediyo da jaridu suka ɗauki labarin, ƙungiyoyin naƙasassu kuma suka tayar da jijiyar wuya, sannan kamfanin ya janye ƙa'idar a watan Nuwamba na wannan shekara. Janyewar abin yabo ce, amma matsalar da ta haifi ƙa'idar tana nan daram, kuma ta shafi kowace ƙasa da jirgin sama ke sauka a cikinta.

Wajibi ne a fara fahimtar abin da ake nufi da keken guragu mai batir, domin yawancin mutane da sun ji an ce keken guragu, abin da ke faɗo musu a rai shi ne ɗan keken asibiti da ake naɗewa a jefa bayan mota. Wannan daban ne. Na'ura ce mai injin lantarki da manyan batura, wadda ake ƙera mazauninta daidai da jikin mai ita, tana kishingiɗar da shi, tana ɗaga shi, tana sauya masa zama domin jini ya riƙa gudana. Mutumin da lakarsa ta taɓu ba ya jin zafin zama, don haka in ya daɗe a kan kujerar da ba ta dace da jikinsa ba, fatarsa sai ta ɓare, ta zama gyambo mai cin nama har ƙashi. Kuɗin irin wannan keke yakan kai dubban daloli masu yawa, gyaransa kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin kayan gyara su iso. Nauyin da kamfanoni ke kuka da shi, nauyin abubuwan da ke riƙe da lafiyar mutum ne.

Abin da ya sami Engracia Figueroa ya isa misali. A watan Yuli na 2021 wannan baiwar Allah, wadda ta yi suna wajen fafutukar haƙƙin naƙasassu, ta taso daga birnin Washinton zuwa Los Angeles a jirgin kamfanin United Airlines, ta sauka ta tarar an lalata kekenta da kuɗinsa ya kai dala 30,000. Ta shafe kusan sa'o'i biyar a filin jirgi a kan keken aro, daga baya kuma aka yi ta ja-in-ja a kan gyara za a yi ko sabo za a saya mata. Kafin a gama wannan muhawara gyambo ya kama ta, ya rube, ta rasu a ƙarshen watan Oktoba na shekarar. Abokan gwagwarmayarta sun danganta rasuwar da rashin kekenta. Ko da wace fuska aka dubi al'amarin, ya nuna cewa ɓarnar da takardun kamfani ke lissafawa a layi ɗaya da fashewar akwati tana iya kaiwa ga rai.

Ba kuma abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba. Tun daga watan Disamba na 2018 doka ta tilasta wa manyan kamfanonin jiragen Amurka su riƙa bayyana yawan kekunan da suka lalata, ko suka ɓatar, ko suka jinkirta mayarwa. Wadda ta tsaya tsayin daka har aka fara wannan ƙidaya ita ce Sanata Tammy Duckworth, tsohuwar matuƙiyar jirgin soja da ta rasa ƙafafunta biyu a yaƙin Iraƙi a 2004. Ƙidayar ta nuna kekuna fiye da 10,000 a 2019, da fiye da 11,000 a 2023, wato kusan talatin ke nan a kowace rana ta Allah. Wannan fa a ƙasar da ta yi dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a jiragen sama tun 1986. Ƙasashen da ba sa ƙidaya ba za su ce sun tsira ba, rashin ƙirgawa ne kurum ya rufa musu asiri.

Adalci ne a saurari uzurin kamfanonin, domin ba duka ne ƙarya ba. Ƙofar rumbun kaya na jirgi irin Boeing 737, wanda yake cikin jiragen da aka fi amfani da su a duniya, tsayinta bai kai mita guda ba, yawancin manyan kekuna kuwa sun fi haka tsawo, shi ya sa ake kwantar da su a gefe ɗaya, daga nan kuma ɓarna ke farawa. 'Yan dakon filin jirgi su ma mutane ne, kuma ɗaga kilo ɗari biyu da hannu cikin gaggawa yana iya karya wa mutum baya. Batir ɗin lithiyam yana iya kamawa da wuta, wuta kuwa a sararin sama ba abin wasa ba ce. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai kowanne daga cikin waɗannan uzurori yana da magani sananne. Game da batir, hukumomin sufurin sama na duniya sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida: wanda ke manne da keke cikin kariya mai kyau ana barinsa a jikinsa bayan an katse wutarsa, wanda ake cirewa kuma fasinja ya shiga da shi cikin jirgi muddin bai wuce ma'aunin wat-awa 300 ba. Ma'aikacin da ya san wannan ba zai kori fasinja don ya ji an ambaci batir ba. Game da nauyi, akwai na'urorin ɗaga kaya da gadojin lodi, kuma kamfanin da ke ɗaukar injuna da manyan akwatunan 'yan kasuwa don riba ba zai ce keke ne ya gagare shi ba. Game da ƙofa, abin da ake bukata shi ne kamfani ya bayyana faɗi da tsayin ƙofar kowane jirgi tun wajen sayar da tikiti, in keken ba zai shiga ba a sauya wa fasinja jirgi ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Sannan a riƙa tambayar mai keke yadda ake naɗe shi da inda ake kama shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dukkan waɗannan kuɗi ne da horo, kuma kamfanoni ba sa kashe kuɗi a inda lalatawa ta fi gyarawa arha.

A nan ne hukuma take da aiki. A watan Oktoba na 2024 Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta ci kamfanin American Airlines tarar dala miliyan 50 saboda yadda ya wulaƙanta fasinjoji masu kekuna da kekunansu tsakanin 2019 da 2023, aka ce ya biya rabi ga baitulmali, rabin kuma a lissafa masa a cikin abin da ya kashe wajen sayen kayan aiki da biyan diyya. A watan Disamba na wannan shekara ma'aikatar ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai tilasta horar da ma'aikata kowace shekara da gaggauta gyara ko sauya keken da aka lalata. Amma a 2025 manyan kamfanoni suka garzaya kotu suna ƙalubalantarta, ma'aikatar kuma ta ɗage aiwatar da wasu sassanta. Darasin a fili yake: haƙƙin da aka samu da gumi yana iya zamewa in aka yi sake.

Matafiyi zuwa ƙasashen waje kuma yana da wani tarko a gabansa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta ƙayyade diyyar kayan fasinja, kuma ko bayan ƙarin da aka yi a ƙarshen 2024 iyakar ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Yarjejeniyar ba ta bambanta keke da jakar tufafi ba. Ke nan ana iya ragargaza keken dala 30,000 a biya mai shi abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, a ce an bi doka. Ya kamata ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar su cire kayan taimakon naƙasassu daga wannan iyaka, kamar yadda Amurka ta yi a zirga-zirgarta ta cikin gida.

Maganin da zai kashe matsalar daga tushe shi ne a bar mutum ya zauna a kan kekensa a cikin jirgi, kamar yadda ake yi a jiragen ƙasa da motocin safa na ƙasashe da yawa, inda ake ɗaure keken da ƙasa. An daɗe ana cewa wannan ba zai yiwu ba. Amma a watan Satumba na 2021 wani kwamitin masana na cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ya ba da rahoton cewa bai ga wani babban cikas na ƙira da zai hana hakan a jirage irin su Boeing 737 da Airbus A320 ba, in dai za a cire layi biyu na kujeru kusa da ƙofa, ko da yake ya nemi a ƙara gwajin ƙarfin kekuna a lokacin haɗari. A watan Yuni na 2023 kuma wani reshen kamfanin Delta ya baje samfurin kujerar da ke naɗewa ta ba keke wuri, a wurin baje kolin kayan jirage na Hamburg ta ƙasar Jamus. Injiniyoyi sun nuna hanya. Abin da ya rage shi ne lissafin kuɗin kujerun da za a rasa, wannan kuwa hukunci ne na shugabanni.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 80 ne ke bukatar keken guragu a duniya, kuma ƙasar da ta sha fama da shan-inna da haɗarin mota da tashe-tashen hankula tana da kasonta mai yawa a ciki. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su tanadi kekuna masu aiki, su taimaka wa naƙasasshe ya hau ya sauka cikin aminci, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a Janairu na 2024. Watanni biyu bayan haka sai da Hukumar Filayen Jiragen Sama ta rufe wani gidan abinci a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas saboda an hana wani matafiyi mai keke shiga. Matakin ya yi daidai, amma faruwar abin ta nuna dokar ba ta gama sauka daga takarda zuwa bakin ƙofa ba.

Saboda haka ya dace Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, tare da Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020, su tilasta wa kowane kamfani ya riƙa ba da adadin kekunan da ya ɗauka da waɗanda ya lalata, a kuma buga adadin kowa ya gani. Duk filin da fasinja ke hawa jirgi ta matakala, a tanadi motar ɗaga mai keke, a daina cicciɓar dattijo kamar buhun hatsi a gaban jama'a. Hukumomin alhazai na jihohi su sa wannan sharaɗi a cikin yarjejeniyarsu da kamfanonin jigilar mahajjata, tunda tsofaffi da marasa ƙarfi suna da yawa a cikinsu. Ma'aikacin gwamnati da ke rubuta sharuɗɗan lasisi ko kwangilar gina fili, da ɗalibin da ke koyon injiniya ko lauya, su sani cewa a hannunsu wannan gyara yake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma lafiyar da mutum ke taƙama da ita yau aro ce, ba wanda ya san ranar da zai bukaci keken da ake jifa da shi a rumbun kaya.