Golf Ɗin Faifai Da Haƙƙin Tsauni

A watan Nuwamban shekarar 2011, Shugaban Amurka na wancan lokaci, Barack Obama, ya sanya hannu a kan wata doka wadda ba ta yi amo a duniya ba, amma da darasi a cikinta ga duk mai tunani a kan yadda ake riƙon dukiyar jama'a. Dokar ta shafi wuraren wasan zamiya a kan ƙanƙara, kimanin 120, waɗanda kamfanoni ke gudanarwa a cikin gandun dajin gwamnatin tarayya. Tsohuwar dokar 1986 ba ta ambaci komai ba sai zamiya. Sabuwar dokar ta buɗe ƙofar wasannin bazara, ta kuma lissafa abin da aka yarda da shi da wanda aka hana. A cikin waɗanda aka hana akwai wurin ninkaya, da filin tanis, da filin golf irin wanda muka sani. A cikin waɗanda aka yarda da su kuwa akwai golf ɗin faifai.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa aka kori wa, aka karɓi ƙane? Kafin mu amsa, ya kamata mu yi wa mai karatu bayanin wasan, tun da yake baƙo ne a wurin yawancinmu. Faifan roba ne ake jefawa, faɗinsa ya ɗan haura santimita 21, nauyinsa kuma ba ya wuce giram 200. Maimakon ramin da ake jefa ƙwallo, akwai kwandon ƙarfe a jikin sanda, da sarƙoƙi a rataye a samansa waɗanda ke tare faifan ya faɗa ciki. Galibi kwanduna 18 ne a fili guda, kuma wanda ya kammala zagayen da jifa mafi ƙaranci shi ya yi nasara.

Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick, wanda ya yi aiki da kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee, shi ne ya tsara filin farko a wurin shaƙatawa na Oak Grove kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya a 1975. A 1976 ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, wato PDGA, sannan a 1977 ya yi rajistar mallakar fasahar kwandon mai sarƙa. Har sunan wasan ma yana da tarihi, domin kalmar Frisbee mallakar kamfani ce, shi ya sa 'yan wasan suka riƙe kalmar da ke nufin faifai kawai. Da Headrick ya rasu a 2002, an cika masa wasiyyarsa ta a cuɗa tokar gawarsa a cikin robar wasu faya-fayai, abin da ya saba wa tarbiyyarmu ƙwarai, amma yana nuna irin yadda ya sallama rayuwarsa ga wannan abu.

To, amsar tambayarmu tana cikin bambancin abin da kowanne wasa ke nema daga ƙasa. Filin golf na gargajiya yana bukatar a sare itatuwa, a baje tudu, a shuka ciyawa ta musamman, a yi ta ba ta ruwa da taki da maganin ƙwari, sannan a kewaye shi a hana wanda bai biya ba shiga. Mu ma a nan da haka muka san shi, wasan manya a bayan katanga. Shi kuwa golf ɗin faifai, itatuwan da duwatsun da kwazazzaban su ne wasan kansa. Wanda ya sare bishiya don ya sauƙaƙa hanya ya rage wa filin daraja. Ke nan 'yan majalisar Amurka sun ja layi tsakanin nishaɗin da ke bin halittar wuri da wanda ke tilasta wa wuri ya bi shi. A ra'ayinmu, wannan layi ya dace.

Wanda ya san yadda wasan yake a kan tsauni zai ƙara fahimtar haka. A dutsen Aspen da ke jihar Kolorado an kafa fili a tsayin da ya kai kusan mita 3,400. A mita 3,000 ma, kaurin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da bakin teku. Faifai kuwa a kan iska yake hawa, saboda haka can sama ba ya samun abin da zai riƙe shi yadda ya saba, sai ya karkata ya faɗi da wuri. Ɗan wasan da ya ƙware a kwari dole ya sake koyon hannunsa, ga haki, ga gangara wadda idan faifai ya faɗi a kan gefensa zai yi ta mirginawa har ya ɓace a ƙasan kwazazzabo. A irin wannan wuri tsauni ne ke da ta cewa, mutum kuwa baƙo ne mai neman izinin wucewa.

Sai dai fa yabon da muka yi ba ya nufin babu abin dubawa. Wasan ya girma fiye da yadda masu kafa shi suka zata. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe wuraren taruwa, jama'a sun kwarara zuwa gare shi saboda a fili ake yin sa, kowa nesa da kowa. A 2021 ɗan wasa Paul McBeth ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara 10 da kamfanin Discraft. Wurin shaƙatawa na Smugglers' Notch da ke cikin tsaunukan jihar Bamont ya karɓi gasar duniya a 2018 da kuma 2023, inda Kristin Tattar 'yar ƙasar Istoniya ta ɗauki kambin mata a karo na biyun. A 2025 kuwa ƙasar Finlan ce ta karɓi baƙuncin gasar. Ko shakka babu, abin da ya fara a matsayin nishaɗin masu ƙaramin ƙarfi ya zama kasuwa, kuma inda kuɗi ya shiga, kunya takan fita.

Illa ta farko ƙasa ce ke ɗaukarta. Ƙafa ɗaya ba ta komai, amma dubban ƙafafu a kan turba guda suna danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, ciyawa ta mutu, saiwoyi su fito fili. A shimfiɗaɗɗen wuri wannan ƙura ce kawai, amma a gangaren tsauni mafarin zaizaya ne, kuma a can sama lokacin tsiro gajere ne, abin da aka tattake a wata guda yakan ɗauki shekaru bai farfaɗo ba. Haka kuma faifan da ke dukan bishiya ɗaya kullum yana fasa ɓawonta, ya buɗe wa cuta da ƙwari hanya. Hausawa sun ce garin gyaran gira kada a rasa ido.

Illa ta biyu ta shafi adalci. Abin alfaharin wannan wasa shi ne arha, domin yawancin filayensa na cikin gari kyauta ake shiga, faifai guda kuma ya ishi mai koyo. Amma a wasu filayen tsauni sai mutum ya sayi tikitin kujerun nan masu tafiya a jikin waya kafin ya isa wurin jifar farko. Idan ƙasar ta jama'a ce, kamfani kuma haya kawai yake yi, to bai kamata katangar da doka ta hana a gina da bulo ta dawo a siffar tikiti ba. Kada kuma a manta da mai tafiya a ƙafa don shan iska, wanda shi ma yana da haƙƙi a dajin, bai kuwa zo don faifai ya fasa masa goshi ba.

Saboda haka muna ganin sharuɗɗan a bayyane suke. A riƙa sauya wa kwanduna wuri don ƙasa ta huta. A gina matakala da magudanan ruwa a inda gangara ta yi tsanani, a kuma sa wa itatuwan da ke kan hanya kariya. A rufe fili idan ƙasa ta jiƙe, ko da kuwa ranar ciniki ce. A ware wani kaso na kuɗin shiga don gyaran wurin, a kuma bar hanya ga wanda ya zaɓi ya hau da ƙafarsa ba tare da ya biya kuɗin kujera ba. Hukumar da ta ba da izini ita ce za ta sa ido, ta kuma janye izinin idan an saɓa, domin kamfani ba ya zama alƙalin kansa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga ƙarshe, abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu ya wuce wasa. Dokar 2011 ta nuna cewa hukuma na iya ba ɗan kasuwa damar cin riba a ƙasar jama'a ba tare da ta miƙa masa ƙasar ba, muddin ta rubuta a fili abin da zai yi da abin da ba zai taɓa yi ba. Saura kuma aikin sa ido ne, wanda shi ne ya fi wuya a ko'ina. Masu jifan faifai sun sami tsaunukan nan da itatuwansu a tsaye, kuma abin da ake binsu bashi shi ne su bar wa na baya su kamar yadda suka same su.