Kwal Ya Ƙare a Ruhr, Famfo Bai Tsaya Ba

A Disambar 2018 Jamus ta rufe Prosper-Haniel da ke Bottrop, mahaƙarta ta ƙarshe ta baƙin kwal. Amma yankin Ruhr, inda mahaƙar take, bai huta ba. Yadda ake haƙar a da kuwa, inji ne ke yankar kwal a dogon bango can ƙarƙashin ƙasa, yana ci gaba ana barin rufin dutse ya rufta bayansa da gangan. Wannan ruftawa ke hawowa sama sannu a hankali har gidaje su tsage, ƙasa ta lotsa. A wasu wurare lotsawar ta wuce mita 20, ruwa ya daina gangara da kansa, sai dai famfuna su ɗaga shi dare da rana.

Masu kare haƙar suna cewa kwal ne ya gina masana'antun Jamus, ya ciyar da iyalai dubbai. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ribar ta ƙare, famfon kuwa ba shi da ranar tsayawa, shi ya sa aka kafa gidauniyar RAG a 2007 don biyan kuɗinsa har abada. Duk gwamnatin da za ta ba da lasisin irin wannan haƙa, ta karɓi kuɗin gyara tun kafin inji ya taɓa kwal.