Ra'ayi: Waya za ta kai ka bakin kogi, amma kada ka bari ta tona asirin wurin

A Ingila akwai wani kifin kogi da ake kira barbel, wanda masu fatsa ke tashi tun da asuba saboda shi. Yana da gashin-baki guda huɗu irin na tarwaɗa, yana son ruwa mai gudu da ƙasa mai tsakuwa, kuma idan ya kama ƙugiya sai mutum ya yi da gaske kafin ya fito da shi. Ana samunsa a koguna irin su Trent da Severn da Wye da Thames. Tambayar da sabon shiga ke yi kullum ita ce: ina zan same shi in je in dawo gida a rana ɗaya?

A da, amsar tana bakin tsofaffin masunta da masu shagon kayan fatsa. Yau mafi yawanta tana cikin wayar da ke aljihunka. Ra'ayina shi ne wannan ci gaba ne na gaske, amma rabin aikin kawai waya ke yi, kuma akwai ɓarnar da take jawowa idan ba a kula ba.

Mu fara da alherinta. Matashin da ke Birmingham zai buɗe Google Maps ya ga cewa garin Bewdley da ke bakin Severn tafiyar kimanin awa guda ce a mota. Idan ya juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam, zai ga inda kogin ya yi kwana, da inda ruwa ya yi fari saboda gudu a kan tsakuwa, da inda bishiyoyi suka yi wa ruwan rumfa, wato irin wuraren da wannan kifi ke fakewa. Google Earth na kwamfuta har tsofaffin hotuna yake nunawa, ka gwada yanayin kogin a shekaru daban-daban. Sannan hukumar kula da muhalli ta Ingila tana wallafa tsayin ruwan koguna a intanet daga na'urorin awo da ta kafa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu fatsa sun san kifin yana cin abinci sosai idan ruwa ya ƙaru ya ɗan gurɓace bayan ruwan sama mai ɗumi. Kafin ka ƙona man mota, ka riga ka san ko tafiyar za ta biya.

To ina matsalar? Ta farko, taswira ba ta nuna mai wuri. A Ingila, haƙƙin kamun kifi a yawancin gaɓar kogi na masu filaye ne ko na ƙungiyoyin masu fatsa, sai ka zama ɗan ƙungiya ko ka sayi tikitin yini. Bayan haka, duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin fatsa, kuma tarar rashinsa tana iya kai wa fam 2,500. Haka nan daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kamun irin wannan kifi a koguna, domin lokacin zuba ƙwai ne. Shuɗin layin da ke nuna maka hanya a waya bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya san Argungu ba zai yi mamaki ba: ba kowace rana ake faɗa wa Matan Fada ba, kuma ba a shiga sai an ba da izini.

Ta biyu ta fi damuna. Manhajoji irin su Fishbrain, ta wani kamfanin Sweden, suna ba mutum damar ɗora hoton kifin da ya kama tare da wurin da ya kama shi. Ga baƙo, wannan garaɓasa ce. Ga kogin kuwa, nauyi ne. Kifin barbel yakan daɗe a yanki ɗaya, kuma a can yawanci mayar da shi ruwa ake yi bayan an kama. Idan wuri ya yi suna, kifayen nan dai su ne za a yi ta kamawa ana saki, alhali kifi ne da ke galabaita ƙwarai, sai an riƙe shi cikin ruwa ya farfaɗo kafin a sake shi. Ƙara da shara da motocin da ke tare ƙofar gonar mutane, sai mai fili ya gaji ya rufe hanya, kowa ya rasa.

Wani zai ce ɓoye wuri rowa ce, kogi ai na kowa ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban goyi bayan a bar sabon shiga cikin duhu ba. Amma da bambanci tsakanin ka ce wa mutum ya gwada Severn a yankin Bewdley, ka koya masa karanta ruwa, da ka manna wa duniya ainihin gindin bishiyar. Na farko koyarwa ne, na biyu gwanjo ne.

Kuma sau da yawa ba da niyya ake tonawa ba. Idan ka bar wa kyamarar wayarka izinin sanin wuri, tana rubuta inda aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. WhatsApp yana goge wannan bayani idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil, yana tafiya da shi. Ko an goge, gada ko hasumiyar da ke bayanka ta isa mai ido ya gano wurin. A 2018, taswirar motsa jiki ta manhajar Strava ta fallasa sansanonin soji ba tare da masu amfani da ita sun nufa ba. Idan haka ta faru da soja, ina ga mai fatsa?

Saboda haka, yi amfani da waya wajen bincike: duba taswira, duba tsayin ruwa, sauke taswirar yankin tun kana gida domin sabis kan ɗauke a bakin kogi, nemi izini, ka kuma gaya wa wani na gida inda za ka. Amma kafin ka ɗora hoto, shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri, ka kuma duba abin da ke bayanka.